Amsoshin Tambayoyinku: Rigar Ƙarfen Jaruman Wasan Kwamfuta, Za a Iya Yaƙi da Ita Kuwa?

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne, ina zaune a unguwar Kamsaoghin cikin Wagadugu. Ni da abokaina muna yawan buga wasannin kwamfuta na jarumai da dodanni, irin su Skyrim da Elden Ring. Musu ya kaure tsakaninmu a kan rigunan ƙarfen da jaruman ke sawa tun daga kai har ƙafa. Wasu sun ce duk ƙarya ce, mai irin wannan kaya ko ƙafa ba zai iya ɗagawa ba. Wasu sun ce haka Turawan da suke fita yaƙi. Wani kuma ya ce kakanninmu ba su yi irinta ba don ba su iya ƙira ba, kuma wannan maganar ta tsaya mini a rai. A taimaka a raba mana gardama.

AMSA: Ɓangarori biyun farko kowa ya riƙe gefen gaskiya. Na ukun kuwa ya yi kuskure, amma bari mu bi abin daki-daki kafin mu iso gare shi.

Rigar ƙarfe mai rufe jiki duka an yi ta, an kuma yi yaƙi da ita. Ta kai ƙololuwarta a Turai cikin ƙarni na 15 da na 16, kuma maƙeran da suka fi suna a kanta suna Milan ta Italiya da Augsburg da Nuremberg na Jamus. Sarkin Ingila Henry na Takwas sai da ya ɗauko maƙera daga waje ya buɗe musu maƙera a Greenwich. Nauyin wadda ake fita fagen fama da ita yakan kama daga kilo 20 zuwa 25, wato kusan rabin buhun siminti, sai dai shi buhu wuri ɗaya yake danne mutum, ita kuwa an rarraba nauyinta a kai da kafaɗu da ƙugu da cinyoyi. Ana auna mai ita kafin a ƙera, a haɗa fallayen da ƙusoshi masu motsi da maɗauran fata yadda gwiwa da gwiwar hannu za su lanƙwashe, sannan a ɗaɗɗaure su a jikin wata riga mai kauri da ake sawa daga ciki. Kaurin ƙarfen bai cika wuce milimita ɗaya zuwa uku ba, ya fi kauri a ƙirji da kai, ya fi sirantaka a hannuwa.

Mai wannan kaya yana gudu, yana faɗuwa ya tashi da kansa. Tarihin wani jarumin Faransa mai suna Boucicaut, wanda aka rubuta a 1409, ya nuna yakan yi tsalle ya haye doki sanye da cikakkun kayan yaƙi bai taka likkafa ba. Labarin cewa sai an sa igiya da ƙugiya an ɗaga barde an ɗora shi a kan sirdi, fim ɗin Henry V na 1944 ne ya yaɗa shi. Akwai dai riguna masu nauyi ƙwarai da ake yi don gasar sukar mashi a kan doki, amma waɗannan na filin wasa ne, ba a tafiya yaƙi da su.

Kada kuma ka ɗauka sa ta hutu ne. A 2011 masu bincike a Jami'ar Leeds sun sa mutane tafiya da gudu a kan injin motsa jiki sanye da irin waɗannan riguna, suka tarar ƙarfin da jiki ke ƙonewa ya ninka kusan sau biyu. Babban dalili shi ne ƙarfen da ke ƙafafu, wanda kowane taku sai an ɗaga shi, ga ƙirji a matse numfashi ba ya sakewa. A yaƙin Agincourt na 1415 baraden Faransa sun ratsa gonaki masu taɓo a ƙasa kafin su isa ga Ingilishi, suka isa a gajiye, aka yi musu mummunar ɓarna. Shi Boucicaut ɗin ma a ranar aka kama shi, ya mutu a hannun Ingilishi a 1421.

Abin da ya kamata ka riƙe, domin da shi za ka auna kowace riga da ka gani a wasa, shi ne yadda ƙarfen ke aiki. Ana yin sa da santsi da doro, don tsinin mashi ko kaifin takobi in ya sauka ya zame ya wuce. Takobi ba ya yanka irin wannan ƙarfe. Saboda haka masu faɗa da mai rigar ƙarfe sukan ɗauki guduma ko dogon gatari mai tsini, ko su rungume shi a yi kokawa, in an kayar da shi a nemi hammata ko matsematsi ko ramin idon kwalkwali a soka siririyar wuƙa. Waɗannan wuraren da falle ba ya iya rufewa, da guntayen sulke ake toshe su. Duk wasan da ka ga an sari mai rigar ƙarfe da takobi a ƙirji jini ya yi tsartuwa, nan an bar gaskiya.

To yanzu dubi abin da masu zane ke yi. A World of Warcraft ana ɗora wa jarumi marufin kafaɗa wanda ya fi kansa girma. Mai wannan ba zai iya ɗaga hannu ya kai sara ba, ba zai waiwaya ba, in ma ya matsa ya ɗaga sai ƙarfen ya bugi kunnensa. Ƙayoyi da ƙugiyoyi da ake jerawa a jiki suna yin kishiyar abin da ake so, suna tare makamin abokin gaba su riƙe shi maimakon ya zame. Kwalkwali mai ƙaho, irin wanda aka san jarumin Skyrim da shi, mariƙi ne ka ba maƙiyinka, duka ɗaya a kan ƙahon ya isa ya murɗe wuya. Mayaƙan Viking da ake jingina wa wannan hula ba su fita yaƙi da ita ba. Wani mai tsara kayan wasan kwaikwayo a Jamus, Carl Emil Doepler, shi ya sa ta shahara a 1876.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne kayan da ake zana wa mata. A bar ciki da cinya a buɗe, wuraren da suka ɗaya ke kashewa, sannan a ƙera ƙirjin da siffar jikin mace. Kwarin da ke tsakiya sai ya zama hanyar da za ta jagoranci tsinin mashi kai tsaye zuwa ƙashin ƙirji. Wannan ba don kariya aka zana shi ba, don idon mai kallo ne, kuma raini ne ga matan da suka yi yaƙi da gaske. Jeanne d'Arc ta Faransa, da aka ƙera mata riga a garin Tours a 1429, irin ta sauran barade aka yi mata daidai jikinta, kuma duk da haka kibiya ta same ta tsakanin wuya da kafaɗa a Orléans.

A yi wa masu zanen adalci ta fuska ɗaya. Jarumi a allo ɗan ƙarami ne, suna so ka gane shi da kallo ɗaya a cikin turmutsutsu, shi ya sa suke kumbura kafaɗa da hula. Wasunsu kuma suna ƙoƙari. A Dark Souls da Elden Ring in ka lafta kaya masu nauyi, mirginawar kauce wa sara sai ta yi maka wuya. Kingdom Come: Deliverance, wanda wani kamfanin ƙasar Cek ya fitar a 2018 a kan Bohemiya ta 1403, shi ya fi kusa da gaskiya: riga mai kauri a ciki, sulke a kai, falle a sama, in ka sauke murfin kwalkwali ganinka ya ragu.

Sai maganar abokinka na uku. Ka ce masa ya binciki Douroula, a nan ƙasarku. Wuraren narkar da tama guda biyar na Burkina Faso, wato Douroula da Tiwêga da Yamané da Kindibo da Békuy, UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2019, kuma na Douroula ya kai ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mutanen da suka fi shekara dubu biyu da ɗari biyar suna fitar da ƙarfe daga dutse ba za a ce musu ba su iya ƙira ba.

Kayan kariya ma ba baƙi ba ne a wurinmu. Duk ɗan makarantar allo ya ji cewa Allah ya tausasa wa Annabi Dawuda (AS) ƙarfe ya koya masa saƙar sulke, kuma a littattafan sira an ruwaito Manzon Allah (SAW) ya sa sulke biyu ranar Uhudu. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke cikin rundunar Kano. Lura da shekarun: lokacin ne Turawa ke kammala haɗa rigar ƙarfensu. A 1823 da Bature Dixon Denham ya isa Kukawa, ya ga dogaran Shehun Borno sanye da sulke daga wuya zuwa gwiwa. Yawancin sulken ta Sahara fatake ke kawo shi, yana da tsada, sarki ne ke raba wa bayinsa da manyan baradensa. Wani masani mai suna A. D. H. Bivar ya bi gidajen sarautar Arewacin Najeriya ya duba waɗanda suka rage, ya fitar da littafi a kansu a 1964.

Me ya hana su yin ta falle? Kowane kayan kariya amsa ne ga makamin da ke gabansa. Abin tsoro a fagen famanmu shi ne kibiya mai dafi, wadda ko ƙwarzane ta yi ya isa, kuma doki ta fi samu don shi ya fi faɗi. Maganinta shi ne lifidi, riga mai ninki da ake cusa wa auduga ko audugar rimi a ɗinke, a sa wa mahayi a sa wa doki har ƙasa. Kibiya na shiga ta maƙale ba ta kai fata ba. Maɗinki da auduga suna nan a gida, in ya yage a ɗinke. Ga kuma rana. Kai da ka san Wagadugu a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka ƙiyasta mutum cikin ƙarfe rufe ruf tun hantsi har azahar. Akwai kuma batun masana'anta: Turawa sun sami manyan tanderu da gudumomin da ruwan kogi ke juyawa, masu buga faffaɗan falle da yawa, mu kuwa ƙarfenmu curi-curi yake fitowa daga tanderu, ya fi dacewa da mashi da takobi da garma. Ba mu kaɗai ba ma. Turkawan Usmaniyya da Mamalik na Masar da Farisawa, duk da ƙwarewarsu a ƙira, sulke suka riƙe suna ƙara masa ƙananan fallaye.

Lifidi ma yana da nasa aibin, kuma bai kamata mu ɓoye ba. Yana da nauyi da zafi, wuta na cin sa, doki ba ya sukuwa da shi yadda ya kamata. A Tafkin Kwatto cikin Yunin 1804 Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawakai da 'yan lifida, jama'ar Shehu Usmanu kuwa yawancinsu 'yan baka ne a ƙasa, amma su suka yi nasara. A 1826 Bature Hugh Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kewaye garin Konya na Gobirawa. Ya ba da labarin cewa sai an taimaki ɗan lifida kafin ya hau, kuma da suka matsa kusa da ganuwa, bindiga ɗaya ta kayar da na gabansu. Bindiga ce ta kashe kasuwar rigar ƙarfe a Turai, ita ce kuma ta kashe ta lifidi. Lokacin da sojan Faransa Voulet ya shigo Wagadugu a Satumban 1896, da lokacin da Ingilishi suka fasa ganuwar Kano a Fabrairun 1903, babu auduga ko zoben ƙarfe da zai tare harsashi.

Kana zaune a inda za ka ga saura da idonka. Mosawa mutanen doki ne tun daga labarin gimbiya Yennenga, kuma cikin manyan fadawan sarkinsu Moro Naba akwai Widi Naba mai kula da mahaya, kamar yadda akwai Kamsaogo Naba wanda unguwarku ke ɗauke da sunansa. Ka je fada ranar Juma'a da sassafe, lokacin da sarki ke fitowa da jajayen kaya kamar mai shirin tafiya yaƙi ga doki an yi masa ado yana jira, ka dubi yadda aka ɗaura kowane abu a jikin dokin. In kuma Allah ya kai ka Kano da Sallah, ka tsaya a Hawan Daushe ka kalli 'yan sulke da 'yan lifida, ka lura da takun dawakinsu in aka gwada da na sauran mahaya.

In akwai masu koyon zane ko haɗa manhaja cikin abokan naka, ka ba su wannan aikin: su zana ɗan lifida cikin wasa da dokokinsa na gaskiya. Kibiya ba ta huda shi sai ta sami fuska ko ƙafar doki, kibiyar wuta tana cinye shi, ƙarfinsa na raguwa in rana ta take, kuma in ya faɗo sai zagi ya zo ya ɗaga shi kafin ya koma kan sirdi.