Yadda Ake Gyara Hotunan Kilif-at Su Dace da Fostar Manoman Watari

Matashin da ya iya haɗa fosta a waya ko kwamfuta ba ya rasa aiki a yankin Watari. Madatsar ruwan da aka kammala a 1980 a ƙaramar hukumar Bagwai ta jihar Kano ta sa noman rani ya zauna da gindinsa a wajen, ana noman shinkafa da tumatir da albasa da masara. Inda ake noma ana ciniki, inda ake ciniki kuma ana buƙatar sanarwa: ranar taron ƙungiyar manoma, tallar shagon taki da iri, allon mai gyaran injin ban-ruwa, katin ɗaurin aure, takardar saukar karatu ta Islamiyya.

Yawancin waɗannan ayyuka da kilif-at ake ƙawata su, wato ƙananan hotunan zane da wasu suka riga suka shirya, mutum ya ɗauko ya liƙa a aikinsa. Amma akasarinsu an zana su ne don mutanen wasu ƙasashe. Idan aka nemi hoton manomi, sai a ga Bature da wando mai igiya a kafaɗa, a bayansa jan ɗakin katako da saniya mai baƙi da fari. Dattijon da ba ya karanta boko, wanda hoton ne zai fara yi masa magana, zai kalli wannan ya wuce don bai ga kansa a ciki ba. Wannan darasi zai nuna yadda ake wargaza irin wannan hoto a sake gina shi, da yadda ake kai shi wurin bugu ba tare da an yi asarar kuɗi ba.

Daga ina kilif-at ya samo asali?

Kafin zuwan kwamfuta, masu aikin ɗab'i suna sayen littattafai cike da zane-zane, su yanko wanda suke so da almakashi su manna a shafi. Daga wannan yanka sunan ya fito. A 1985 manhajar PageMaker ta buɗe ƙofar tsara shafi a kan kwamfutar gida, CorelDRAW ta biyo baya a 1989, kuma har gobe ita ce ta fi yawa a shagunan bugu na Nijeriya. Shekara da shekaru Microsoft na da rumbun kilif-at a cikin Word da PowerPoint da Publisher, amma ya rufe shi a watan Disamba na 2014, ya mayar da mutane kan binciken hoto na Bing. Tun daga lokacin ya zama wajibi mai zane ya san inda zai samo hoto da kuma irin hoton da ya samo.

Abu na farko: hoto iri biyu ne

Duk darasin ya rataya ne a kan wannan bambanci.

Iri na farko hoton ɗigo ne. An haɗa shi da dubban ƙananan ɗigo masu launi, kamar yadda ake cike hula da zare. Fayilolin JPG da PNG duk irinsa ne, haka duk hoton da kyamarar waya ta ɗauka. Yawan ɗigonsa ƙayyadadde ne, don haka idan aka ja shi ya yi girma sai ya dushe, gefensa ya zama kamar matakala.

Iri na biyu zanen layi ne, wanda masu sana'ar ke kira bekta. Shi babu ɗigo a cikinsa, umarni ne kawai: ja layi daga nan zuwa can, lanƙwasa shi, cika ciki da ja. Fayilolin SVG da EPS da CDR da tsohon WMF suna cikin wannan rukuni. Ko an mayar da shi girman bango ba ya dushewa, kuma ana iya raba shi gunduwa-gunduwa.

Gane su ba wuya. A duba ƙarshen sunan fayil, ko a zuƙo hoton sosai. Idan gefensa ya tsaya sumul, zanen layi ne. Idan ƙananan murabba'ai suka bayyana, na ɗigo ne.

Ga lissafin da ke nuna muhimmancin abin. Bugu mai kyau a takarda yana son ɗigo 300 a kowane inci. Takardar A4 kenan tana buƙatar ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsawo. Hoton da aka sauke mai faɗin ɗigo 500 ba zai wuce santimita huɗu da 'yan kai ba idan ana son ya fito tas. Idan aka ja shi ya cika bana mai faɗin ƙafa uku, kowane inci zai samu ɗigo 14 kacal. A fuskar waya ba za a ga matsalar ba, sai an buga an biya.

Inda ake samun hoto ba tare da cin haƙƙi ba

Ba duk hoton da ya fito a binciken Google ne na kowa ba. Nijeriya na da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, kuma zane yana cikin abin da take karewa. Openclipart, wanda aka fara a 2004, yana ba da zanen SVG da masu su suka sallama wa jama'a, ana iya gyarawa har a yi kasuwanci da su. Pixabay ma na da zanen layi na kyauta. Wasu wuraren kamar Freepik suna sharɗanta a ambaci mai zanen idan ba a biya ba, don haka a karanta sharaɗin kafin a sauke. Hoton da ke ɗauke da tambarin kamfani a kwance a kansa na sayarwa ne, goge tambarin sata ce.

A kula da wani tarko. Wasu hotunan suna nuna kamar ba su da bango, da ƙananan murabba'ai fari da toka a bayansu, amma da an sauke sai a tarar murabba'an ma zane ne. PNG na gaskiya, idan aka ɗora shi a kan shafi mai launi, launin zai leƙo ta bayansa.

Gyara a kwamfuta, mataki-mataki

A ɗauka wata ƙungiyar masu noman tumatir ce ke son fostar taro, kuma abin da aka samu shi ne zanen Baturen nan da akwatin katako cike da tuffa.

1. A fara da saita girman shafi. A zaɓi A4, A3 ko girman bana tun kafin a sa komai. Canza girma daga baya yana hargitsa tsari.

2. A shigo da zanen a ajiye kwafi ɗaya a gefe. Idan gyara ya ɓaci, akwai inda za a koma.

3. A raba shi. A Inkscape, wadda manhaja ce ta kyauta, a zaɓi zanen a danna Ctrl da Shift da G tare. A CorelDRAW, Ctrl da U. A sababbin PowerPoint da Word, a fara danna Convert to Shape, sannan Ungroup. Sau da yawa sai an maimaita sau biyu ko uku, don rukuni ne a cikin rukuni.

4. A cire abin da ba na nan ba. Jan ɗakin katako da shingen farin katako su tafi. A wurinsu, da'ira mai tsawo da alwatika a kanta sun isa su ba da siffar rumbu.

5. A canza launi. A danna fuska da hannuwa a ba su launin fatar mutanen gari. Igiyoyin wando a goge, rigar a ja ta ƙasa ta zama taguwa. Hular kabar da ke kansa, idan aka faɗaɗa bakinta aka ɗaga tsakiyarta, ta zama malfa. Tuffa kuwa, jar da'ira ce da ɗan ganye, a sa mata koren tauraro a ka ta koma tumatir.

6. A gyara siffa da ƙulli. Kowane layi yana da ƙananan ƙulli da ke riƙe da shi. A Inkscape harafin N ne ke fito da su. Da su ake lanƙwasa akwati ya zama kwando, ko a ɗaga bayan saniya a yi mata tozo, a tsawaita ƙahonta, a mayar da ita fara irin ta Fulani.

7. A aro daga wani zanen. Fartanya daga nan, injin ban-ruwa daga can. Sharaɗin shi ne su zama salo ɗaya. Zane mai kaurin layi ba ya zama da mai siririn layi da inuwa, ido yana ganewa nan take.

8. A tsara wanda ke gaba da wanda ke baya, sannan a zaɓi duka a danna Ctrl da G su koma abu guda.

Wajen ƙara girma ko ragewa, a riƙa ja daga kusurwa, ba daga gefe ba. A Inkscape sai an danne Ctrl yayin ja. Jan gefe shi ke sa a ga mutum ya zama siriri kamar kara ko ya baje kamar faifai.

Idan hoton ɗigo kaɗai aka samu, akwai mafita. Inkscape na da Trace Bitmap, CorelDRAW na da PowerTRACE, dukkansu suna bin sawun hoton su fitar da zanen layi. Suna aiki da kyau a kan tambari da zane mai launi kaɗan. A kan hoton kyamara sakamakon ba ya daɗi.

Mai waya kaɗai fa?

Ana iya yin kaso mai yawa na aikin. A Canva, idan aka taɓa wani zane sai a ga akwatunan launi sun fito, alamar ana iya canza kowane launi da ke cikinsa. Idan ba su fito ba, na ɗigo ne. Canva ba ta barin a taɓa ƙulli, amma ana iya yanke gefe, a juya, a ɗora wata siffa a kan abin da ba a so. PixelLab, wadda matasan Arewa da dama suka saba da ita, tana da goge launi, tana karɓar salon rubutu daga waje, kuma ba sai da intanet ba, abin da ke da amfani inda sabis ke rawa. Sai dai abin da take fitarwa hoton ɗigo ne, don haka a saita girma mai yawa tun farko, a kuma ajiye da inganci mafi girma.

Rubutun Hausa

Salon rubutu da yawa ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba. Ko dai su nuna akwati a gurbinsu, ko su aro harafin daga wani salo ya fito daban da 'yan'uwansa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: "ƙasa" da "kasa" ba ɗaya ba ne, haka "ɓata" da "bata". Noto Sans da Andika da Charis SIL duk suna da waɗannan haruffa, kuma kyauta ne. A waya, Gboard na da madannan Hausa. Salo biyu sun isa fosta guda, kuma rana da wuri da lokaci su fi komai girma bayan kanun.

Kafin a kai wurin bugu

Mai aiki daga Bagwai ko Badau yakan tura aikinsa Bichi ko cikin Kano, kuma dawowa gyara kuɗin mota ne da ɓata yini. Waɗannan abubuwa suna hana hakan.

A mayar da rubutu ya zama zane. A CorelDRAW Ctrl da Q ke yin haka, a Inkscape kuma Object to Path. Idan ba a yi ba, kwamfutar shagon da ba ta da wannan salo za ta musanya shi da wani. A ajiye kwafin da ba a mayar ba, don daga nan rubutun ba ya gyaruwa.

A fitar da aikin a PDF. A WhatsApp a tura shi ta Document, ba ta wurin hotuna ba, don manhajar tana matse hoto ta rage ingancinsa.

A san cewa fuskar waya da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, injin bugu kuwa da tawada huɗu. Kore mai ƙyalli da shuɗi mai walƙiya sukan fito a dushe. Idan aikin na da yawa, a nemi a buga guda ɗaya a gani tukuna. Idan fotokwafi za a yi, a duba aikin cikin baƙi da fari: jan tumatir a kan koren ganye yakan haɗe ya zama toka guda.

A bar rarar milimita uku a kowane gefe saboda yanka, kuma kada rubutu ya kusanci baki.

Masu amfani da Publisher su lura: Microsoft ya sanar da daina tallafa mata daga Oktoba 2026. Duk mai tsofaffin ayyuka a cikinta ya fitar da su a PDF. LibreOffice Draw tana buɗe fayilolinta, Scribus kuma manhajar tsara shafi ce ta kyauta da za ta iya maye gurbinta.

Iyakar gyara

Iya gyara hoto amana ce. Ɗora tambarin gwamnati ko na wata hukuma a kan tallar taki ba tare da izini ba, ko kumbura hoton amfanin gona don a nuna wani iri yana ba da abin da ba ya bayarwa, yaudara ce da manomi zai biya da noman shekara guda. A gari irin wannan kuma kowa ya san wanda ya haɗa fostar.

Aikin gwaji

A sauke zanen SVG guda na saniya ko na manomi daga Openclipart. A raba shi, a canza abubuwa uku, a rubuta sanarwa mai layi huɗu da ke ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, a fitar a PDF girman A4. Sannan a rufe rubutun da hannu a nuna wa wani babba a gida, a tambaye shi abin da fostar ke magana a kai. Idan ya ce taron masu tumatir ne, aikin ya yi. Idan ya yi shiru, a koma mataki na huɗu.