Magani Mai Tsattsafowa Kamar Ruwan Randa

Kakata ta haura shekara 70, kuma gwiwoyinta sun daɗe suna damunta. Da safe sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Da muka kai ta asibiti, likita ya ce amosanin gaɓɓai ne. Wannan ne ya sa na shiga bincike a kan cutar.

A bakin kowane ƙashi akwai guringuntsi mai santsi wanda ke hana ƙasusuwa gogar juna. Idan ya zaizaye saboda tsufa, ko ƙiba, ko tsohon rauni, sai gaɓa ta kumbura, ta riƙa zogi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum wajen miliyan 528 ne ke fama da wannan cuta, kuma mata sun fi yawa.

Kakata takan sha ƙwayoyin kashe zafi kullum. To, amma likita ya gargaɗe mu cewa yawan shan irin su ibuprofen yana jawo gyambon ciki, yana kuma lahanta ƙoda, domin ƙwayar takan zaga duk jiki alhali gwiwa kaɗai ke ciwo.

Saboda haka masana suka nemi dabarar ajiye magani a cikin gaɓar kanta. Sukan ƙunshe shi cikin wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi na wani sinadari mai narkewa a jiki, irin wanda ake yin zaren ɗinkin tiyata da shi. Yayin da sinadarin ke narkewa, sai maganin ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan, kamar yadda ruwa ke tsattsafowa daga sabuwar randa. A 2017 Amurka ta amince da irin wannan allura mai suna Zilretta, wadda ake yi a gwiwa, sauƙinta ya kai wata 3. Masana kuma suna gwada wasu da za a dasa su daɗe fiye da haka.

Sai dai fa mu sani, wannan magani zafi da kumburi yake ragewa, ba ya mayar da guringuntsin da ya zaizaye. Don haka, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, mu taimaki tsofaffinmu su riƙa 'yar tafiya kullum, su rage ƙiba, kada kuma su sayi ƙwaya a kasuwa ba da izinin likita ba. Ni dai yanzu kowace yamma nakan riƙe hannun kakata mu zaga unguwa.