Noman Dindindin a Lambun Gida: Darasi ga Manoman Kuje

Gabatarwa

Ya kai manomi, a ƙasar Kuje damina kan kama daga watan Afrilu zuwa Oktoba. Ruwa yana da yawa, amma wani ɓangarensa gudu yake yi, ya tafi da ƙasar sama mai albarka. Da hunturu ya shigo, sai lambu ya bushe. Noman dindindin, wato famakalca, hanya ce ta magance wannan asara. Bill Mollison da David Holmgren na ƙasar Ostireliya ne suka tsara shi cikin littafinsu na 1978. Ɗaya daga cikin ƙa'idojinsa ita ce: kada ruwa ko ganye ko kashin dabba ya fita daga lambu a banza. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya saba haɗa dawa da wake a gona guda.

Matakan aiki

1. Lura kafin ka sa fartanya. Idan ana ruwa, duba inda yake bi da inda yake kwanciya. Duba kuma inda inuwa take faɗawa da safe da yamma.

2. Tare ruwa. Yi kunya ta gicciye gangare, kada ta bi shi. Haƙa rami mai zurfin kamar mita ɗaya inda ruwan wanka yake zuba, ka cika shi da ganye, ka dasa ayaba da gwanda kewaye da shi. Kada ka shayar da latas ko wani ganyen da ake ci ɗanye da wannan ruwa.

3. Tsara lambu bisa ga kusanci. Abin da uwargida take tsinka kullum, kamar alayyahu da tumatir da attaruhu, ya kasance kusa da madafa. Mangwaro da gwaiba su koma nesa, don kada inuwarsu ta danne ƙananan shuke-shuke. Zogale ya zama shinge.

4. Rufe ƙasa. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko karan masara mai kaurin santimita 5 zuwa 10. Bar ɗan fili a gindin shuka saboda gara.

5. Haɗa takin gargajiya. Jera ganye da kashin kaji ko na awaki da ɗan toka hawa-hawa, ka yayyafa ruwa, ka riƙa juyawa duk mako biyu. Yakan nuna cikin wata biyu zuwa uku.

6. Cakuɗa amfani. Wake da gyaɗa suna ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin ta jijiyoyinsu. Kabewa tana rufe ƙasa, ta hana ciyawa fitowa.

Shawara ga malamin gona

Kada ka ɗora wa manomi dukan matakan lokaci guda. Ya fara da fage ɗaya, ya rufe rabinsa da ciyawa, ya bar rabin a buɗe. Bayan kwana uku da ban ruwa, ya tona ɓangarorin biyu da hannunsa. Danshin da zai tarar a ƙarƙashin ciyawar shi ne zai sa ya rufe sauran fagagen kafin rani.