Allurar Naƙuda da Mutum-mutumi Mai Tiyata

Kafin in fara sai na nemi iyayenmu su yi mini gafara, domin zancen ciki da haihuwa ba abin da yaro zai buɗe baki ya yi a gaban manya ba ne. Amma abin da ya faru a gidanmu hutun da ya wuce shi ya sa na ga yin shiru ya fi maganar muni.

Yayata ta zo gida goyon cikin fari. Ran nan naƙuda ta kama ta tun da la'asar, har bayan isha'i ba labari. Sai wata maƙwabciyarmu ta ce wa Inna akwai wani mai sayar da magani da ke yin allurar naƙuda, wai da ya yi ta sai haihuwa. Aka kira shi, ya tsira mata allura a cinya, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Ba a jima ba sai ciwon ya canza. Dā yana zuwa yana lafawa, yanzu kuwa ya zo ya tsaya cik, Yaya ta kasa ko salati. Tsakar dare muka nufi asibiti. Likita ya duba ya ce kan yaron ya fi ƙarfin ƙugunta, ko allura goma aka yi ba zai fito ba, mahaifar ma saura kaɗan ta yage. Aka yi mata aiki aka ciro ɗa namiji, wanda ya daɗe bai yi kuka ba.

Da gari ya waye Inna ta ga ana zuba wani magani cikin ledar ƙarin ruwa, ta tambayi malamar asibiti ko mene ne. Malamar ta ce, "Mama, ai irin allurar jiya ce, yanzu don kada jini ya ɓalle mata muke sa wa." Inna ta riƙe baki ta ce, "Abin da ya kusa kashe ta shi ne kuma maganinta?" Wannan tambaya ce na komo makaranta da ita, na kai wa Malamarmu ta ilmin halittu, ta ba ni littattafai, ta kuma zauna ta warware mini inda ya shige mini duhu.

Abu na farko da na gane shi ne mahaifa tsoka ce, kamar tsokar damtse, sai dai ba a umurtar ta da ganin dama. In babu ciki nauyinta bai wuce giram 50 zuwa 70 ba, amma lokacin haihuwa takan kai kilo 1. Umurninta yana zuwa ne ta cikin jini, ta hannun waɗansu sinadarai da ake kira homon. Malama ta ce mu ɗauke su kamar 'yan aiken sarki: wani sashen jiki ne ke tura su, su bi jini su kai saƙo wani sashe, kuma ba mai karɓar saƙon sai wanda ke da ƙofar da aka yi dominsa.

Ɗan aike na farko shi ne furojestaron. Ƙwan mace ne ke fara yin sa, daga baya mabiyiya ta karɓi aikin. Saƙonsa ga mahaifa ɗaya ne, watau ta kwanta ta yi shiru, bakinta kuma ya zauna a rufe har wata tara. Wani abin mamaki, a jikin tunkiya da akuya wannan sinadari raguwa yake yi in haihuwa ta matso. A jikin 'yan Adam kuwa ba ya raguwa cikin jini, mahaifar ce ke daina saurarensa. Sa'an nan istirojin ya shiga shirya tsokar, yana ƙara mata ƙofofin karɓar saƙon naƙuda, har su ninka sau 100 ko fiye. Akwai kuma furostagilandin, wanda ake yi nan cikin mahaifar, shi ke tausasa bakinta ya yi laushi.

Babban ɗan aiken naƙuda shi ne oksitosin. Ana yin sa a gindin ƙwaƙwalwa, a ajiye shi cikin wata 'yar ƙulliya da ba ta fi ƙwayar wake ba. In kan jariri ya danna bakin mahaifa, jijiyoyi sai su kai labari sama, a sako oksitosin, mahaifa ta matse, kan ya ƙara dannawa, a ƙara sakowa. Haka abin ke ta ciyar da kansa gaba har bakin ya buɗe santimita 10. Wani Bature ɗan Ingila, Henry Dale, shi ya fara lura a shekarar 1906 cewa ruwan wannan ƙulliya yana sa mahaifar kyanwa ta matse. A 1953 Vincent du Vigneaud na Amurka ya haɗa sinadarin a ɗakin bincike, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1955. Abin da ke cikin kwalbar allurar naƙuda ke nan.

To, ina aibin yake? Duk lokacin da mahaifa ta matse, jinin da ke zuwa mabiyiya yana raguwa, jariri kuwa ta nan yake samun iska. Hutun da ke tsakanin ciwo da ciwo, wanda mai naƙuda ke samun sararin kurɓar ruwa, shi ne numfashin ɗanta. Saboda haka a asibiti ƙidayawa ake yi. In matsewa ta wuce sau 5 cikin minti 10, ta yi yawa. Kuma ba a sa maganin sai an tabbata yaro ya juyo daidai, hanya kuma za ta ishe shi. In za a sa, cikin ƙarin ruwa ake ɗiga shi kaɗan-kaɗan, domin ƙarfinsa cikin jini na 'yan mintoci ne, da an ga alamar wahala sai a rufe. Wanda aka tsira a cinya kuwa ya shiga ke nan, ba mai iya janyo shi. Tura yaro da ƙarfi a kan ƙofar da ba za ta buɗe ba, ƙarshensa ko ɗa ya galabaita ko mahaifa ta fashe.

Bayan haihuwa kuma sai lissafin ya juye. Mahaifar mai cikin wata tara tana samun jini fiye da rabin lita kowane minti. Da mabiyiya ta rabu, magudanan nan a buɗe suke. Abin da ke toshe su shi ne zaren tsokar mahaifa da ya sarƙe kamar saƙar tabarma, in ya tsuke sai ya shaƙe su. A nan ana so mahaifa ta matse ta tsaya a matse, tun da babu sauran ɗa a ciki da zai wahala. Amsar tambayar Inna ke nan. Shi ya sa ma ake son a ba jariri nono da wuri, don tsotso yana sako oksitosin, kuma shi ne ciwon marar da masu jego ke ji in suna shayarwa.

Zubar jini bayan haihuwa yana kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata wurin haihuwa, mu kuwa a ƙasar zafi muna da ƙarin matsala. Oksitosin yana son sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wanda ya kwana ya wuni a kan kanta cikin zafin bazara yana iya rasa ƙarfinsa. A 2018 an kammala gwajin wani ɗan'uwansa mai jure zafi, karbetosin, a kan mata kusan 30,000 a ƙasashe 10 har da Nijeriya. A 2023 kuma aka bayyana sakamakon wani bincike a asibitoci 80 na Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa. Wata leda mai ma'auni kawai ake shimfiɗa wa mai haihuwa don a ga yawan jinin, in ya yi yawa a haɗa magunguna gaba ɗaya ba ɗaya bayan ɗaya ba. Mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin 100.

Zancen mutum-mutumi kuwa Goggo ce ta kawo shi ranar suna. Ta daɗe tana fama da ƙari a mahaifa, al'adarta tana zuwa da yawa har jini ya yi mata ƙaranci, amma tsoron wuƙa ya hana ta yarda a yi aiki. Ta ce ta ji a Indiya inji ne ke yi wa mata aiki ba tare da an tsaga ciki ba, ita dai ba za ta ba ƙarfe cikinta ba. Wannan ƙari tsokar mahaifa ce ke dunƙulewa, ba ciwon daji ba ne, ya fi yawa ga matan baƙar fata, kuma 'yan aiken nan, istirojin da furojestaron, su ke ciyar da shi. Shi ya sa yakan motse in mace ta daina al'ada.

Injin da Goggo ta ji labari gaskiya ne. Wanda ya fi shahara sunansa da Vinci, wani kamfani ne a Kalifoniya ke ƙera shi. Hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da shi a 2000, sa'an nan a 2005 ta yarda a yi aikin mata da shi. Amma ba shi da ko tunanin sauro. Bayan an sa mara lafiya barci, sai a huda cikinta wuri huɗu ko biyar, kowace huda kamar santimita 1, a hura iska don a sami fili. Ta nan ake zura kyamara da 'yan almakashi da hantsaki, waɗanda hannuwan injin ke riƙe da su. Likita yana zaune gefe guda cikin ɗakin, ya sa idonsa cikin wani akwati yana ganin cikin ya ƙaru kamar sau 10, yana motsa yatsunsa. Duk yadda ya juya, haka kan almakashin zai juya, in ya tsaya injin ya tsaya. Injin yana tace rawar hannu, kuma bakin kayan aikin yana lanƙwasa kamar wuyan hannu, abin da ke sauƙaƙa ɗinki a lungu mai ƙunci kamar ƙugu.

Ko a nan ba a rabu da homon ba. Kafin likita ya yanka don ya ɓare ƙarin, yakan tsira wa mahaifa basofuresin, wanda daga ƙulliya ɗaya suke fitowa da oksitosin, don magudanan jini su tsuke. In ya gama kuma sai ya ɗinke ramin hawa-hawa, domin wata rana wannan wurin zai ɗauki ƙarfin naƙuda. Mahaifa mai tabo, ko ta inji ko ta wuƙa, ba a wasa da allurar naƙuda a kanta, sau da yawa ma aiki ake yi a ciro ɗan.

Ni dai da na ga hoton injin ya burge ni ƙwarai, amma da na karanta gaba sai zumuɗina ya ragu. Gaskiya ne mai ƙananan huda takan rasa jini kaɗan ta koma gida da wuri, in an gwada da wadda aka tsaga. To, amma akwai tiyatar huda ta hannu, wadda ba ta bukatar mutum-mutumi, kuma bincike bai nuna injin ya fi ta ba wajen cire mahaifar da ba ta da daji. Kuɗinsa ya haura dala miliyan 1, ban da gyara da kayan da ake sauyawa, ga bukatar wutar da ba ta ɗaukewa. Kuma da a ce yana ɗakin daren da muka kai Yaya, da ba abin da zai tsinana, don ba a ciro jariri da shi.

Na yi wa Goggo wannan bayani gwargwadon iyawata, na ce mata ko can Indiyar mutum ne ke aikin. Ta yi dariya ta ce, "Kai, yaran zamani!" Amma ta karɓi kati, bayan Salla za ta je a yi mata hoton ciki. Yaya kuwa likita ya rubuta mata a takarda cewa duk haihuwar da za ta yi nan gaba a asibiti ne, Inna ta ninke takardar ta sa a ƙasan akwatinta.