Darasi: Alamomin Da Ke Nuna Jiki Ya Ƙi Magani

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi na Bazaga da kewaye, kiyaye rai yana cikin manyan manufofin Shari'a. Penisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928, da ɗan'uwansa amoksisilin, da kotirimokzazol, ni'ima ce daga Allah. Sai dai akwai wanda jikinsa ba ya karɓarsu.

Na farko: in borin jini da ƙaiƙayi suka fito cikin awa guda bayan shan magani, leɓɓa ko fuska suka kumbura, numfashi ya ƙuntata, ko mutum ya suma, a garzaya da shi asibiti mafi kusa. Allurar adirenalin ake yi masa, jinkiri kuwa yana kisa.

Na biyu: ƙuraje masu zuwa bayan kwanaki, tare da zazzaɓi, gyambon baki ko saluɓewar fata. A dakatar da maganin, a ga likita a ranar.

Na uku: tashin zuciya ko zawo kaɗai ba shi ne ƙin magani ba. Mafi yawan waɗanda ake cewa penisilin ba ya yi musu, in an gwada su sai a tarar yana yi. Saboda haka likita ne mai yanke hukunci, ta tambaya da gwajin fata.

Ku riƙe kwalin maganin, ku faɗa wa likita sunansa da lokacin da aka sha. Ku guji kafso na masu talla a kasuwa. Wanda ya san magani ya taɓa cutar da iyalinsa, ya ɓoye, ya ci amana.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalamu alaikum.