Ba ko'ina ake dasa kwandon shara ba

Jama'a, a aikinmu na tsara wuraren zuba shara, ƙorafin da muka fi ji shi ne: "Don me kuka kawo mana kwando ƙofar shago?" To, ba da ka muke zaɓen wuri ba.

Kafin mu dasa kwando, sai mun bi titin da sassafe, tun masu shara ba su fito ba, mu ga inda datti ya kwana. A Kano, ku lura da bakin Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari: shara tana taruwa ne inda mutane suke tsayawa, wato wurin jiran Adaidaita Sahu, da gaban mai rake, da teburin mai shayi. Wanda ya sha ruwan leda ba zai yi ta yawo da ledar a hannu ba. In bai hango kwando ba, sai ya wurga ta kwata. Da damina magudanar ta toshe, ruwa ya shiga shagon wanda ya kori kwandon.

Sai kuma mu duba ko motar kwasa za ta samu wurin tsayawa. Kwandon da ba a kwashewa, nan da nan yake zama bola, gara ma babu shi. Ba ma ajiye shi a kan magudanar ruwa, ko a kwana inda zai tare wa direba gani, ko a tsakiyar hanyar masu tafiya a ƙasa, kada ya tura makaho da mai keken guragu kan kwalta. Muna sa masa murfi saboda awaki da ƙudaje, mu huda gindinsa don ruwan sama ya tsiyaye, sannan mu kafe shi da siminti, domin na ƙarfe yakan yi ƙafa cikin dare.

Roƙonmu kaɗan ne. Kwandon titi na sharar hannu ne, ba na gida ba. Buhu guda daga gida ya isa ya cika shi. Masu tsire da masu shayi, don Allah a daina juye toka mai garwashi a ciki, tana ƙona shi. In ya cika ba a kwashe ba, a sanar da mai unguwa, ko shugabannin kasuwa, ko hukumar kwasar shara ta REMASAB. Wanda kuma yake ganin an dasa shi inda bai dace ba, ya zo mu zagaya titin tare, ya nuna mana inda ya fi.