Ki Fara da Kasuwa, 'Yata

 An ce mini ikilisiya ta ba ki masauki a wajen Bompai a nan Kano, kuma aikinki zai riƙa kai ki wurin iyalan ma'aikatan kamfanoni a Sharaɗa da Challawa. Na kuma ji cewa Hausarki ta fara zama a baki. Madalla. To ga 'yar nasiha daga tsohuwa, ki ɗauki abin da ya yi miki amfani.

Ki riƙa yin cefanenki da kanki. Za a sami masu ƙaunarki da za su ce ki aiki direba, ko ki shiga manyan kantunan nan masu sanyi inda kowane kaya ke ɗauke da farashinsa. Ki gode musu, amma ki ɗauki kwandonki ki hau A Daidaita Sahu ki nufi kasuwar 'Yankaba, tunda ba ta da nisa da ku. Zuwa da kai ya fi aike. Mutanen da kika tsallako teku dominsu a can suke, kuma kafin su saurari bakinki sai sun ga yadda kike miƙa kuɗi da yadda kike karɓar canji.

Ki san gari ta kasuwanninsa. Kayan miya da ganye, 'Yankaba. Lemo da ayaba da kankana, 'Yan Lemo ta hanyar Zariya. Atamfa da shadda, Kantin Kwari. Kayan masarufi a sari, Singa. Hatsi buhu-buhu, Dawanau. In kina kewar doya da manja da busasshen kifi, kasuwar Sabon Gari. Ran da kika sami sarari ki sa wata daga cikin matan zumuntar ikilisiya ta raka ki Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, sama da shekara 500 ke nan. In kin ratsa lungunanta za ki gane cewa garin nan ya saba da baƙi tun kafin a haifi kakannin kakanninki, kuma ba ya ɗokin kowa.

Gaisuwa kafin ciniki. Kada ki tsaya gaban mai tumatir ki nuna da yatsa ki ce nawa. Ki tambaye shi kwana, ki tambaye shi kasuwa, ki tambaye shi iyali. Ki bayar da hannun dama, ki karɓa da hannun dama. Namiji in bai miƙo miki hannu ba, kada ki miƙa masa, girmamawa ce a wurinsa. Ki sa zane ko doguwar riga, ki yafa mayafi. Matan ikilisiyarmu ma ba sa shiga sujada kai ba ɗankwali, don haka ba wani abu kika sarayar ba.

Sai batun tayi, wanda shi ke kayar da baƙi ta fuska biyu. Akwai wadda in an ce mata dubu uku sai tausayi ya kama ta, ta zaro ta biya. Tana ganin alheri ta yi, alhali ta tsadantar da kashin albasa ga matar lebura da ke tsaye a bayanta, ta kuma koya wa mai kaya cewa farar fata ba ta san kuɗi ba. Akwai kuma wadda ta ji labarin ana cutar baƙi, sai ta ƙeƙashe tana ja-in-ja da tsohuwa mai kuka da daddawa a kan naira hamsin. Kada ki zama ko ɗaya. Ki tambayi maƙwabciyarki nawa ake sayar da kwanon shinkafa a makon, ki je da saninki. Ki taya da fara'a. In ya ce albarka, ki ƙara kaɗan ko ki wuce lafiya. In ya sallama miki a kan abin da kika taya, to ciniki ya faɗa, ki biya, domin janyewa bayan an sallama abin kunya ne. Ki roƙi gyara, ba laifi. In an yi kuskure an ba ki canji fiye da naki, ki koma ki mayar ko da kin kai bakin titi. Wannan labarin zai riga ki isa unguwa.

Ki riƙe mutum ɗaya a kowane layi: mai namanki, mai kayan miyarki, mai ƙwanki. Bayan wata uku zai fara ɓoye miki mai kyau a ƙarƙashin tebur. Ran da aka yi masa haihuwa ki je barka, ran da aka yi masa rasuwa ki je ta'aziyya, ki zauna a tabarma tare da matan gidan. Yawancinsu Musulmi ne masu riƙo da addininsu, kuma sun san ko ke wace ce tun ranar farko. Kada ki ɓoye bangaskiyarki, kada kuma ki mai da sayen tattasai tarko. In an tambaye ki, ki amsa a natse. In an kira salla mai kaya ya tashi, ki jira shi. Ranar Juma'a ki gama cefane da hantsi. Cikin watan azumi kada ki tsaya tsakiyar kasuwa kina kwankwaɗar ruwa.

Ki bi kaka da damina a tukunyarki. Da hunturu tumatir na shigowa daga gonakin noman rani na Kadawa da Kura, ya yi araha har a rasa mai saye. A lokacin ne mata ke yanka shi su shanya, domin da damina sai ya gagari talaka. Mangwaro da bazara, ɗanyar masara da gyaɗa da damina. Ki wanke latas da kabeji da ruwan gishiri, ki tafasa ruwan sha ko ki tace. Ki riƙe 'yan canji a jaka, domin ko da yake masu POS sun cika gari tun ƙarancin takardun kuɗi na 2023, mai zogale ba ta da asusun banki. Da Afrilu kuwa kada ki yi gasa da rana.

Game da mutanen kamfani, ki san halin da suke ciki. Bompai ce tsohuwar unguwar masana'antu, Sharaɗa da Challawa suka biyo baya. Akwai lokacin da masaƙu da kamfanonin man gyaɗa da na alewa ke aiki dare da rana, mutane na kwararowa daga Filato da Binuwai da Kudancin Kaduna da Adamawa. Daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 abubuwa suka fara ja da baya: naira ta faɗi, wuta ta ƙi tsayawa, yadi mai araha daga Sin ya cika Kwari. Yau za ki ga ƙofofi da yawa a garƙame. Waɗanda ke aiki a kamfanonin roba da majemun fata na Challawa, da yawansu 'yan aikin wucin gadi ne, albashi na ƙarewa kafin wata ya raba. Saboda haka in kin je gidan ma'aikaci a Panshekara ko Dakata ko Brigade aka kawo miki garau-garau, ki ci, kada ki toshe hanci don warin jima da iska ke kwasowa. Kada ki sa taron addu'a a lokacin da mutum ya sauko daga aikin dare. In za ki taimaka, ki bi ta hannun dattawan ikilisiya da Zumuntar Mata, a asirce, kuma kada ki taɓa ɗaura kyauta da sharaɗin a zo coci. Manzo Bulus ma da ɗinkin tanti ya ci abinci, ya san darajar gumin ma'aikaci.

Waɗanda suka riga ki zuwa sun bar darasi. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Walter Miller suka iso Kano, Sarki Alu bai ba su wurin zama ba, suka juya cikin 'yan kwanaki. Miller ya zauna Zariya daga 1905, yana koyon magana a bakin mutane, kuma sai 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa. Asibitin ido da mishan ɗin SIM ya buɗe a 1943, wanda yanzu ke hannun ECWA a titin Mission, har gobe Musulmi da Kirista na bin layi ɗaya a cikinsa, domin an ga aikinsa da ido. A ɗaya gefen, a watan Oktoba na 1991, shirin babban taron wa'azin Reinhard Bonnke ya zo da tarzomar da ta ci rayuka da dukiya a garin nan. Baƙo yana da tikitin jirgi, ɗan gari kuwa nan zai kwana. Duk abin da za ki faɗa ko ki yi, ki tuna da 'yan'uwan da za su zauna da sakamakonsa bayan tafiyarki.

Kewar gida za ta zo, musamman da Kirsimeti, lokacin da ƙurar hunturu ta rufe gari. In ta zo kada ki kulle ƙofa ki rungumi waya. Ki soya cincin ki aika wa maƙwabta, kamar yadda su ma za su aiko miki da naman layya da Babbar Salla. Haka muka taso muna yi a garin nan, kuma shi ya riƙe unguwanni da yawa a ranakun da hankali ya tashi.

Shekarar farko ki yawaita saurare, ki rage koyarwa. Sannu ba ta hana zuwa. Ubangiji ya ba ki lafiya da haƙuri, ya sa ki gama da mutanen Kano lafiya. In kin shirya zuwa Kwari ki biyo ta gidana, ni zan zaɓa miki atamfar zumunta, don kada a haɗa ki da mai zuba.